Ranar da Na Wasa Wuƙar Malam

Akwai wasu shekaru da hannuna na hagu ba shi da gashi ko sili ɗaya, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ba cuta ba ce, gwajin wuƙa ne ya cinye shi. Matata ta yi tambaya har ta gaji. Ɗalibaina a makarantar da nake koyarwa a Gaya sun ɗauka ƙuna na taɓa yi ina yaro, ni kuma ban gyara musu ba, don gaskiyar ta fi ƙunar ban kunya.

Mu uku ne a wannan harka, wani lokaci a samu na huɗu ya leƙo ya gudu. Muna haɗuwa bayan la'asar a rumfar wani tela da ke bayan tasha, kowa da wuƙarsa mai naɗewa a aljihu. Mu ba mahauta ba, mu ba mafarauta ba, ko kaza ba mu taɓa yankawa da waɗannan wuƙaƙe ba. Aikinmu kawai mu wasa, mu gwada, mu yi musu, mu sake wasawa. Wanda ya jawo mana wannan jaraba wani direban bas ne mai jigila tsakanin Kano da Ajingi. Shi yake kawo wuƙaƙen daga birni, shi ya kawo dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai santsi, shi kuma yake nuna mana bidiyo a waya inda wasu mutane a can wata duniya suke raba silin gashi gida biyu. Tela ya ba da man kekensa da wani tsohon bel na fata, wanda ake goga bakin wuƙa a kai daga ƙarshe. Akwai kuma wani tsohon wanzami da yake zuwa ya zauna a gefe. Shi ba ya gwaji, kallonmu kawai yake yi yana ɓare gyaɗa, kamar wanda ya zo kallon mahaukata.

Gwajin farko takarda ce. Ka riƙe fallen jarida da yatsu biyu a iska, ka saukar da wuƙa. In ta wuce shuu ba ta yaga ba, ta ci. Daga nan sai tumatir, wanda ya nuna har ya fara laushi. A ajiye shi a faranti, ba a riƙe shi, a yanko shi siriri har ana hango haske ta cikinsa. Mun ɓata tumatir da yawa, matar tela ce take amfana da miya. Babban gwajin shi ne gashin hannu, a bushe, babu ruwa babu sabulu. Ba yabon kai ba, ni ne gwanin rumfar. Direba yana da kayan aiki amma ba shi da haƙuri, tela yana da haƙuri amma hannunsa rawa yake yi. Ni in na zauna a kan dutse sai a kira magariba ban sani ba. Na kai matsayin da in na ga wuƙa a hannun mai tsire ko mai lemo sai na ji tausayinta, raina yana cewa a ba ni ita minti goma kawai.

Mahaifina yana Toranke. Malam muke ce masa, mu da mutanen gari duka. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye sai dole. A gidanmu haka ake yi, ba fushi ba ne. In yana da saƙo gare ni sai ya gaya wa Gwaggo, ƙanwarsa da take zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ko kuma ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wancan." Na girma ina karɓar umarnin ubana daga bango, kuma ban taɓa jin wani abu ba.

Malam mahaddaci ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka sau uku a rayuwarsa. Duka ukun sun tafi hannun mutane, ko ɗaya ba ya gidan. A lokacin da nake ba da labari yana kan na huɗu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa wannan na gida ne, shi ne kuma na ƙarshe, domin idonsa ya fara ja da baya. Shekara uku yana kansa, kullum da hantsi, falle ɗaya ko rabi. Cikin izu sittin saura huɗu. Burinsa ya ƙarasa shi da hannu ɗaya, rubutun farko ya yi daidai da na ƙarshe, yadda duk wanda ya buɗe ba zai ce ga inda aka huta ba.

Alƙalaminsa na gamba ne, shi yake fiƙe abinsa, kusan kullum sabo. Wuƙar fiƙewar kuwa ta girme ni. 'Yar ƙarama ce mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho ta yi baƙi saboda hannu. Ruwanta ya sirance, tsakiyar bakin ya lotsa ya yi rami kamar an gutsura. Yana da wani ɗan dutse baƙi mai girman sabulun wanka. Sai ya ɗiga masa ruwa, ya ja wuƙar sau biyu ko uku a gefe ɗaya, ya goge a tafin hannu, shi ke nan. Tun da na shiga harkar rumfa, duk lokacin da na ga wannan washi sai in kau da kai. A ganina Malam ya san Alƙur'ani, amma wuƙa kam bai santa ba.

Wata Juma'a bayan an gama cire gyaɗa na je gida, na tarar ya tafi ta'aziyya Gafasa. Na shiga zaurensa don in ajiye masa goron da na kawo, sai ga wuƙar a kan buzu kusa da kurtun tawada. Na ɗauka, na buɗe. Na zaro wata takarda daga aljihu na gwada, ta yage ta kaca-kaca. Na ɗora a hannu, ko gashi ɗaya bai motsa ba. Wallahi tausayi ne ya kama ni. Na ce ubana yana rubuta maganar Allah da dakusasshiyar wuƙa, ni kuma ina can Gaya ina yanka tumatir. Dutsena yana cikin jaka, don a lokacin ko biki za ni da shi nake tafiya.

Na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Na fara da fuska mai kaushi, na ci ƙarfen har ramin nan ya ɓace, bakin ya miƙe sak. Na lura gefe ɗaya a shafe yake, babu alamar an taɓa wasa shi, na ce ka ga irin abin da nake faɗa, na fitar masa da nasa bakin shi ma, daidai da ɗan'uwansa. Na koma fuska mai santsi, na ƙare da bel ɗin wandona. Na yi awa biyu a kai. Da na gama, ina ganin idona a jikinta.

Gwaggo ta zo wucewa da ƙwaryar dawa, ta tsaya.

"Wannan ba wuƙar Yaya Malam ba ce?"

"Ita ce, Gwaggo. Gyara masa nake yi."

"Ya sani?"

"So nake kawai ya buɗe ya gani."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To," ta wuce. Na ɗauka to ɗin yabo ne.

Washegari da hantsi Malam ya zauna a kan buzu, ya sa tabarau, ya jawo damin gamba. Ni kuma na raɓe a bakin ƙofar zaure ina jiran albarka. Ya buɗe wuƙar, ya shafa babban yatsa a bakinta, ya tsaya. Ya juya ta, ya sake shafawa. Ya ɗauki gamba ɗaya ya ɗora, wuƙar ta nutse ciki ta fille kan gaba ɗaya. Ya ɗauki ta biyu, ita ma haka. Ta uku ya bi a hankali, amma maimakon wuƙar ta bi jikin karan, sai ta kauce ta yi waje. Na ƙirga har shida. Sannan ya naɗe ta, ya ajiye a gabansa, ya dubi bango.

"An taɓa wuƙar nan."

Na matso na durƙusa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ne. Ta dakushe ne, shi ne na wasa ta." Don in tabbatar masa, na ɗauki wuƙar na zaro takarda, ta wuce shuu. Na so in nuna masa gwajin gashi, na tuna hannun hagu babu komai, sai na naɗe hannun riga na dama na aske da hagu, gashi ya zubo a kan tabarmar mahaifina.

Ya dubi gashin, ya dubi wuƙar. Ya ce, "Ikon Allah. Tana aski." Sannan ya ƙara da cewa, "Allah ya yi albarka." Ya rufe kurtun tawada ya tashi.

Na koma Gaya a ranar ina jin daɗi rabi da rabi. An sa mini albarka, wannan na ji da kunnena. Amma an rufe tawada da hantsi, abin da ban taɓa gani ba sai ran salla. Na gaya wa kaina gajiyar tafiyar Gafasa ce.

Bayan kwana shida Gwaggo ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Kai, tun ranar da ka tafi Yaya Malam bai tsoma alƙalami a tawada ba."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Gamba ce yake ta ɓarna, na share ta fi a ƙirga. Ya ce wuƙar ba ta san hannunsa ba."

"Gwaggo, wuƙar nan babu mai kaifinta daga Gaya har Ajingi."

"Ni dai ban san wannan ba. Ka zo ka mayar da ita yadda ka same ta."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yaya za a ce wuƙar da take aske gashi a bushe ta kasa yanka ciyawa? Ai ko hankali ba zai ɗauka ba. Na hau babur na je, Gwaggo ta miƙo mini ita a ƙunshe cikin tsumma, ta haɗo mini da damin gamba. Malam yana zaure, na gaishe shi ya amsa, bai tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba.

Na kai ta rumfa don a yi mini shari'a. Ta ci jarida, ta ci tumatir, ta aske ƙwaurin direba. Direba ya ce, "Ticha, wannan wuƙa ba ta da laifi. Tsohon ne ya saba dannawa da ƙarfi saboda ta dakushe. Ka ba shi sati biyu, hannunsa zai saba." Tela ya ce a'a, bakin ne ya yi siriri da yawa, a ɗan dakusar da shi kaɗan. Direba ya ce wa ya taɓa jin an gyara wuƙa da dakusarwa. Suka kaure da musu. Na kwance damin gamba na ce to bismilla, kowa ya fiƙe mana alƙalami ɗaya mu gani.

Abin da ya faru a ranar har yau ina jin kunyarsa. Maza uku masu wuƙaƙen da suka fi na kowa kaifi a garin, muka zauna muka cinye rabin dami, ba mu fitar da alƙalami ɗaya mai rubutu ba. Nawa bakinsa ya tsage har gindi. Na direba ya fito kamar tsinken tsire. Tela ya yanke yatsa, ya ɗaure da ƙyalle yana salati. Ni da na tashi a gidan da ake fiƙe alƙalami kullum safiya, ashe ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na kalli yadda ake yi ba.

Sai tsohon wanzamin nan ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya miƙo hannu. Shekara biyu yana zama da mu, ranar ce ya fara taɓa wuƙa a gabanmu. Ya duba ta a haske, ya shafa gefe da gefe.

"Kafin ka taɓa ta, gefe nawa aka wasa?"

"Ɗaya, Baba. Ɗayan a shafe yake, an manta da shi."

"An manta da shi," in ji shi, ya girgiza kai. "Shekara arba'in mutum yana manta abu ɗaya kullum? Ɗana, shafaffen gefen nan shi yake kwanciya a jikin gamba, ya bi ta, ɗayan kuma ya ɗauke abin da za a ɗauke. Kai ka zo ka fitar mata da baki ta ko'ina, yanzu ba ta da inda za ta kwanta, sai dai ta nutse ko ta kauce."

Na ce, "Baba, za ta gyaru?"

"Sai a ci ƙarfe a sake shafe gefe ɗaya. Wanne ne a shafe, na dama ko na hagu?"

Na riƙe wuƙar yadda na riƙe ta a gindin darbejiya, na juya ta, na sake juyawa. Na goge ta sosai har gefen biyu sun zama tagwaye, babu tabo ko ɗaya da zai tuna mini. Na ce ina jin na dama ne. Sannan na ce a'a, na hagu. Wanzami ya ce to a bi ta wata hanya: in Malam zai fiƙe, tura wuƙar yake yi gaba ko jawowa yake yi wajen ƙirjinsa? Wannan ma ban sani ba. Na rufe ido ina neman hoton ubana a kan buzu, na gan shi sarai, da tabarau da rawani da komai, amma hannun ya ƙi tsayawa. In na ce ya tura sai in ga ya tura, in na ce ya jawo sai in ga ya jawo.

Direba ya ce in kira shi in tambaya mana. Shi a gidansu ana hira da uba har a tafa, ba zai gane ba. Na kira Gwaggo.

"Gwaggo, in Malam yana fiƙe alƙalami, turawa yake yi ko jawowa?"

"Jawowa. A'a, tsaya. Da farko kamar yana turawa, in ya zo baki sai ya jawo. Ko kuwa? Kai, ni ka ruɗa ni. Shekara nawa ina ganinsa, sai yau da ka tambaya na rasa."

"Ki tambaye shi mana."

"Na tambaye shi ɗazu me za a gyara, ya ce a bar yaro ya huta, babu komai."

Na kashe waya kaina ya ɗaure tamau. Mutumin da ya kwana shida bai yi rubutu ba shi ne yake cewa babu komai.

Ranar kasuwar Ajingi na kai ta wajen wani maƙeri don in ji ta bakin wani. Shi kuma ya kawo tasa daban. Ya ce zancen gefe ɗaya gaskiya ne amma ba shi ne babba ba. Ya tambaye ni ko bakin a miƙe yake da can. Na ce a'a, akwai wani rami a tsakiya, na share shi. Ya ajiye guduma ya dube ni sosai.

"Ramin nan gamba ce ta haƙa shi, ita da hannun mai ita. A nan karan yake zama, ba sai ya duba ba. Kai ka ce idonsa ya yi rauni, to da me kake zaton yake gani?"

Na ce ya haƙa mata wani. Ya ce zai iya yi mata rami yanzu-yanzu, amma ba zai zama wancan ba, don bai san zurfinsa ba, bai san inda ya fara da inda ya ƙare ba, ni ma da na share shi ban sani ba. Na fito daga maƙera da magana huɗu a kaina: tsufa ne, siranta ce, gefe ne, rami ne. Kowa in yana magana sai in ji shi ne mai gaskiya. Abu ɗaya da babu wanda ya musa shi ne wuƙar tana da kaifi, kuma wannan ne kaɗai abin da na iya.

Daga ƙarshe na bar wa wanzami ita, muka yi canke. Ya ce yawancin masu rubutu da dama gefen da ke kallon ƙasa suke bari a shafe in suna turawa, don haka a bi wannan. Ya yini biyu a kanta. Da ya miƙo mini, ruwanta ya ƙara sirancewa har na ji tsoron kada ta karye. Na gwada ta a jarida a ɓoye, ta yage. Na rasa ko murna zan yi ko baƙin ciki.

Na kai wa Malam da kaina, na ajiye a gefen buzu na koma bakin ƙofa. Wannan karon na zuba wa hannunsa ido kamar raina zai fita. Turawa yake yi, sai a baki ya jawo sau ɗaya, Gwaggo ta yi gaskiya. Gamba ta farko ta lalace, ta biyu ma, ta uku ta ba da alƙalami. Ya tsoma a tawada, ya ja layi ɗaya a wata 'yar takarda. Ya zaro fallen da ya tsaya a kai, ya jera su, ya daɗe yana kallo. Ni daga inda nake ban ga bambancin komai ba, rubutun Malam ne nan da can. Har na fara sakin numfashi. Gwaggo ta shigo da kunu, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ce, "Af, ya yi kauri." Malam ya ajiye alƙalamin ya tashi.

Da ya fita alwala na matsa na duba da kyau. Sai da na daɗe sannan na gani. A tsohon fallen, wutsiyar kowane harafi tana sirancewa a hankali har ta ɓace. A sabon layin kuwa a dunƙule take tsayawa. Da na gani sau ɗaya, na kasa daina gani. Ko canken gefen ne muka kuskure, ko ramin ne da babu, ban sani ba, kuma babu wanda zai gaya mini.

Na yi ta 'yan dabaru. Na sa direba ya kawo sabuwar wuƙa daga Kano, Malam ya sa albarka ya ba Gwaggo tana yanka kuɓewa da ita. Na je Gafasa wajen wani amininsa, alaramma ne shi ma, na roƙi alƙaluma goma fiƙaƙƙu. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ce a yi wa amininsa godiya, ya soke su a jikin rufin zaure. Gwaggo ta ce mini ya ce alƙalamin wani hannun wani ne. Ya ƙara sati uku yana jan wuƙar a kan ɗan dutsensa baƙi, yana fiƙewa, yana jan layi, yana ajiyewa. Rannan Gwaggo ta kira ni ta ce ya koma rubutu. Na ce alhamdu lillahi, ta dawo daidai ke nan. Ta ce a'a, cewa ya yi in ya tsaya jiran wuƙa, idon ba zai jira shi ba.

Wata huɗu ya ɗauka kafin ya ƙarasa izu huɗun nan. A cikinsu na daina zuwa rumfa sosai. In na je ma zama nake yi kusa da wanzami, ina kallon direba da tela suna yanka jarida, in ji kamar wani yare suke yi da na taɓa iyawa.

In mahaddaci ya gama rubutu, al'ada ce a tara 'yan'uwansa su duba, falle bayan falle, ko an tsallake kalma ko an saki wasali. Alarammomi uku suka zo, har da aminin nan na Gafasa, suka yi kwanaki suna zama a zaure daga hantsi zuwa azahar. Na ɗauki hutu na zo don in yi musu hidima. Ba su sami kuskure ko ɗaya ba. A rana ta ƙarshe na shigo da ƙwaryar fura, na tarar babbansu, wani tsoho mai farin gemu, ya riƙe falle biyu yana kai su kusa da ido yana janyewa.

"Gwani," in ji shi, "nan hannu ya sauya. Daga wannan fallen zuwa ƙarshe kamar ba kai ba."

Sauran biyun suka leƙa, suka gyaɗa kai. Ina tsaye da ƙwarya a hannu, na ga dole in faɗa musu laifina ne. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam..."

"A ajiye furar a nan," in ji Malam, yana nuna gefen tabarma, bai dube ni ba. Sannan ya juya ga tsohon ya ce, "Nan ne tsufa ya cim mini, Alaramma. Hannun ne ya yi nauyi."

Tsohon ya ce, "Allahu akbar. Haka ne, kowa zai je wurin."

Har yau ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi a gaban mutane, ko kuwa a cikin watannin nan huɗu ya yi ta kallon rubutun har ya yarda laifin hannunsa ne. Na fi tsoron na biyun. Na ajiye ƙwaryar inda ya nuna, na fita, na jingina da bangon zaure ta waje. Ina ji suka ɗaga hannu suna roƙa masa Allah ya ƙara wa hannunsa lafiya, shi kuma yana cewa amin.